Daga Akori-kura Zuwa Homa: Injunan da Suka Ɗauki Kasuwancinmu



Da shugabanni suka ce in rubuta wani abu na tarihi don wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, sai na jawo littattafan sasanci da ke cikin kabad ɗin ofis, tun daga waɗanda magatakarda na farko ya cika da hannunsa har zuwa nawa. Na zaci zan tarar yawancin rigingimunmu a kan bashi ne, ko a kan canjin naira da sefa. Akwai su kam. Amma abin da ya fi maimaituwa shi ne wannan: mota ta mutu a hanya, kaya sun lalace ko sun rasa ranar kasuwa, mai kaya ya ce direba ya biya, direba ya ce ba shi ya ƙera inji ba.

A taronmu na baya kuma, da aka tayar da maganar ba da rance daga asusu don 'yan ƙungiya su sayi motocin ɗaukar kaya, zaure ya rabu biyu. Dattawa suka ce a nemi tsohon inji, da tsohuwar zuma ake magani. Matasa suka ce man da tsohon inji yake sha yanzu shi ne yake cinye riba. Tunda kuɗin jama'a ne za a fitar, na ga ya dace mu waiwaya mu ga motocin da suka yi mana aiki tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina da Kano, mu gane me ya sa wasu suka daɗe wasu suka ɓace.

Kafin ƙaramar mota

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin nomawa don sayarwa tun daga ƙasar Kano har Katsina, Maraɗi da Damagaram. Da farko jakuna da raƙuma ne suke kai ta bakin tasha. Daga baya manyan motoci suka karɓa, Berliet a gefen Faransa, Bedford da Austin masu bodin katako a gefen Ingila. Waɗannan motoci na kamfanoni ne da manyan alhazai. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu uku sai dai ya roƙi arziki ya ɗare saman lodi, ya tafi ranar da mai mota ya ga dama.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, na yuraniyom ya shigo Nijar, aka zuba kwalta a manyan hanyoyi. Fatauci ya canza kama: wake, aya, riɗi da dabbobi suna gangarawa kudu, atamfa, robobi, sabulu da kayan masarufi suna haurowa. Irin wannan ciniki ba ya jiran gingimari ta cika. Yana son mota ƙarama da za ta tashi da asuba ta dawo kafin a rufe shingen duwan.

Zamanin Fijo

Motar da ta fara amsa wannan buƙata ita ce Peugeot 404. Ta fito a Faransa a 1960, mai buɗaɗɗen bayanta kuma a 1967, wadda mutanen Maraɗi suke kira bashe, na Katsina su ce akori-kura. Ta yi suna tun da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Amma ba tsere ne ya sa iyayenmu suka riƙe ta ba, yadda aka gina injinta ne.

Injin fetur ɗinta silinda huɗu ne, lita 1.6, gangar jikinsa baƙin ƙarfe. Ƙarfin da ake nema a wurinsa wajen doki 70 ne kawai, alhali inji mai wannan girma a yau, in an sa masa tabo, yana ba da ninkin haka ko fiye. Injin da ba a matsa masa ba yana da sauran juriya da zai kashe a kan zafi, ƙura da lodi. Abu na biyu, ramukan da fistin yake hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Kowane rami bututu ne mai zaman kansa da ake zarewa a sa sabo. In inji ya tsufa ya fara shan baƙin mai, bakanike zai sayo bututu huɗu da fistin da ringinsu, ya shimfiɗa buhu a gindin bedi, kafin kwana biyu inji ya koma kamar sabo, ba tare da an kai shi wurin masu injin gurza ba. Abu na uku, kafireto ne yake haɗa mai da iska, wuta kuma kwantak ne yake raba ta. Duk abin da zai lalace ido yana ganinsa, sukudireba da sifana suna isa gare shi.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya: bashe tana yawan tsayawa. Ƙura ta toshe kafireto, kwantak ya ƙone, fambel ya tsinke. Sai dai ciwonta ƙanana ne, kuma tana yin gargaɗi kafin ta kwanta, direba ya ji tari ko ya ga hayaƙi ya canza launi. Yaron mota ya busa jet da baki, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, a ci gaba da tafiya.

Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, kuma a 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. A shekarun farko da jirgin sama ake ɗauko sassan daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Wannan shi ne abin da ya fi komai amfani gare mu. Gwamnati tana hawa Fijo, 'yan sanda suna hawa, 'yan tasha suna hawa, saboda haka kayan gyaranta suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, suka malalo har kantunan Katsina da Maraɗi. Duk yaron da aka kai gareji koyon aiki, a kan injin Fijo ya buɗe ido. Mai cewa buji da mai cewa fulogi, mai cewa bidanji da mai cewa juye, inji ɗaya suke magana a kai.

An gwada wannan tsari a 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen yankinmu suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Sabbin kayan gyara suka yi wuya a wannan gefe. Dattawan da suka ga lokacin suna ba da labarin yadda ake kwance mota ɗaya a rayar da uku da sassanta, domin galibin sassan suna shiga juna. Motocin da ba su da dangi a gari kuwa, a nan suka kwanta har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu.

J5 da 207

A 1981 Peugeot ta haɗa hannu da Fiat da Citroën suka fitar da mota mai rufaffen baya, ana ƙera ta a Italiya. Tamu ita ce J5. Tsarinta ya bambanta: inji a gicciye yake a gaba, tayoyin gaba ne suke ja, don haka bayanta ya yi ƙasa, ya yi faɗi, kwandunan tumatir da buhunan albasa suka samu wurin zama. Amma injin fetur ɗinta mai lita 2 ɗan gidan na 504 ne. Bakaniken da ya san Fijo bai sake shiga makaranta ba. Rauninta yana ƙafar gaba: in aka danne baya da lodi, gaba ya yi sauƙi, ta kasa hawa tudu ko fita daga yashi, shaf kuma ya riƙa cinyewa. An daina ƙera ta wajen 1994, amma har gobe za ku gan ta a Dawanau da 'Yankaba tana jiran lodi.

'Yan'uwanmu masu bin doguwar hanya zuwa Kumasi da Ankara sun fi sanin Mercedes 207D, wadda aka fara yi a 1977. Injinta na gazuwal ne, ko gas kamar yadda ake cewa a Najeriya, lita 2.4, amma ƙarfinsa bai kai doki 75 ba. Ba ta da gudu. Famfon manta na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da waya, kuma sarƙa ce take daidaita lokacin inji. Ita ma darasinta ɗaya ne da na bashe: babban inji, ƙaramin aiki, doguwar rayuwa.

Hayis da motocin Kwatano

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo Najeriya, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Ranar 12 ga Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Daga nan gefe biyu muka koma kan motocin da Turawa suka gama hawa, ana sauke su a tashar jiragen ruwan Kwatano, a bi da su ta Malanbil da Gaya har Maraɗi. A wannan ambaliya ce Toyota Hiace, hayis ɗinmu, ta mamaye tasha.

Hayis ta farko ta fito a Japan a 1967, amma wadda ta zama tamu ita ce samfurin 1989 zuwa 2004. Injinta yana ƙarƙashin kujerar gaba, tayoyin baya ne suke turawa, don haka lodi yana ƙara mata riƙon ƙasa. Tana zuwa da injin fetur, 1RZ mai lita 2 ko 2RZ mai lita 2.4, masu sarƙa. Tana kuma zuwa da na gazuwal, 2L, 3L da 5L, daga lita 2.4 zuwa 3, masu bel. Wannan bel shi ne abin da direbobin da suka taso a kan Fijo suka sha wahalar koyo. Sarƙa tana kuka kafin ta mutu, bel kuwa shiru yake yi har ranar da zai tsinke, fistin ya daki bawul, a shiga babban aiki. Kamfanin ya ce a canza shi duk kilomita 100,000, har ya sa fitila a gaban direba don tuni. Sau nawa muka ga an cire ƙwan fitilar an bar bel ɗin?

A hanyarmu injin fetur ne ya yi rinjaye, kuma dalilin ba a cikin inji yake ba. Gwamnatin Najeriya ta daɗe da janye hannu daga farashin gas, amma ta ci gaba da biyan tallafin fetur, fetur ɗin kuma yana tsallakowa a jarka ana sayarwa a kwalba. Matatar Damagaram ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 2011. Ashe har farashin mai yana cikin abin da yake zaɓa mana inji.

Injin da yake da ƙwaƙwalwa

Yayin da muke cinye tsofaffin motocinsu, Turawa suna can suna tsaurara dokar hayaƙi, tun daga matakin farko a 1992. Don a cika sharuɗɗan, aka canza yadda injin gazuwal yake shan mai. A tsohon inji nozul yana buɗewa da matsi ɗari da 'yan kai a ma'aunin bar. A sabon tsari, wanda ya fara shiga ƙananan motoci a 1997, ana tara mai a bututu ɗaya da matsin da ya haura 1,300, yanzu ma ya haura 2,000, kwamfuta ce kuma take buɗe kowane injekta. Sprinter da ta gaji 207 a 1995 ta koma wannan tsari a 2000. Sabuwar hayis ta 2004, wadda ake kira Homa, ita ma akwai mai irin wannan inji. Daga baya aka ƙara matatar toka a cikin salansa.

A faɗi gaskiya, waɗannan injuna sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu kaɗan ne, kuma a ƙasar da aka yi su dominta suna daɗewa ƙwarai. Amma an yi su ne don gazuwal mai tsabta. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa a cikin gazuwal bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali a lokacin dokar Najeriya ta yarda har 3,000. Sai a 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince a sauko zuwa 50. Sannan ramin injekta siriri ne ƙwarai. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi daga jarka ya ishe shi.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan ƙungiya ya sayo irin wannan mota tsaf daga tashar ruwa, duk tasha aka zo kallo. Cikin bazara, ɗauke da ɗanyen tattasai na mutum huɗu, ya sha man jarka a hanya. Bai yi nisa ba fitila ta kama, mota ta ƙi wuce gudun keke, daga baya ta mutu. Kanikawa uku suka duba, kowa ya wanke hannu. Sai da aka ɗauko mai na'ura daga Kano, ya ce injekta biyu da famfo, kuma babu su a kusa. Mota ta yi mako uku a kwance. Tattasai kuwa tun kwana na biyu aka zubar. Ni na rubuta zaman sasancin, kuma har yau ana biyan bashin.

Da na kai wa wani tsohon bakanike labarin, na ce, "Baba, ashe motocin yanzu ba su da ƙwari." Ya ce, "A'a, ɗana. Ta fi bashe ƙwari nesa. Amma bashe in ta yi ciwo ni take gaya wa. Wannan kuwa sai ta ga likitanta, likitan kuma ba ya garin nan."

Namu laifin

Littattafan sasanci ba su wanke mu ba. Akori-kurar da aka yi don kayan da ba su wuce tan ɗaya ba, mun ƙara mata sifirin mun ɗora mata biyu. Sifirin ya ɗauka, amma inji, kuloci da birki ba a ƙara musu komai ba. Muna zuba ruwan rijiya a lagireto har gishiri ya toshe shi. Muna cire tamostat mu jefar. Muna buga matatar iska a jikin taya mu mayar, a ƙasar da hunturu yake cika hanci da ƙura. Muna sayen baƙin mai na awo wanda ba mu san asalinsa ba. Hayis da injinta yake ƙarƙashin kujera, in allurar zafi ta hau direba ya ce bari in ƙarasa Jibiya, kan silinda ne zai tsage. Kuma sau da yawa mai kaya ne yake matsa wa direba ya ƙara buhu biyu, sannan shi ne na farko a ofis da ƙara.

Abin da tarihin ya nuna

Duk motar da ta daɗe a wannan hanya ta haɗa abu huɗu: inji mai sauran juriya, wanda yake haƙuri da man da muke samu, wanda kanikawanmu suka sani, kuma kayan gyaransa ba su wuce tafiyar yini ɗaya ba. Fijo ta samu huɗun saboda Kaduna. Hayis ta same su saboda yawanta. In ɗaya ya ɓace, sunan kamfani ba ya ceton mai kaya.

Dattawa suna da gaskiya, amma lokaci yana ƙure wa tsohuwar zuma. J5 mafi ƙuruciya ta haura shekara 30, tsohuwar hayis ta haura 20. Injunan da ake kawowa a matsayin na Belgium su ma sun gaji. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairu 2017, aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Matasa su ma suna da gaskiya: da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Injin kafireto mai shan mai kamar raƙumi ba shi da arahar da yake da ita da. Ko jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya fara tafiya, ba zai shiga kasuwannin ƙauye ba, ƙaramar mota ce za ta kai masa kaya ta kwaso.

Ni magatakarda ne, ba ni da ƙuri'a a kwamitin asusu, amma ga abin da nake roƙo a duba. Na ɗaya, kafin a ba da rance, mai nema ya faɗi lambar injin, ba sunan mota kaɗai ba, domin Homa ɗaya tana iya zuwa da injin fetur 2TR, ko 5L-E mai sauƙin tsari da ake kawowa Afirka, ko mai matsin nan na Turai. Na biyu, ya kawo sunan bakaniken da zai riƙa duba ta, da kantin da ake samun injekta, famfo da sansa, da farashinsu. Na uku, mu tsaya a kan iri ɗaya ko biyu, don mu yi wa kanmu abin da Kaduna ta yi wa iyayenmu, mu ajiye kayan gyara a Maraɗi da Katsina. Na huɗu, a ware wani abu daga asusun a tura yaranmu biyu ko uku su koyi aikin lantarkin mota, a saya musu na'urar bincike. Kuɗinta bai kai asarar lodi ɗaya na tattasai ba. Na biyar, motar da aka saya da kuɗin ƙungiya ta sha mai a gidan mai, a ƙara mata matatar da take raba ruwa da gazuwal, a kuma rubuta ranar juye da ranar canza bel a littafi. Ni zan riƙe littafin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun yi zamani da injin da suka fahimta ciki da waje, shi ya sa suka bar mana abin da muke biki a kai yau. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu. Direbobi, kanikawa da yaran mota da suke kwana a hanya da dukiyarmu, muna gaishe ku. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani a kan abin da na rubuta, musamman dattawan da suka tuƙa waɗannan motoci da hannunsu, ƙofar ofis a buɗe take.

Allah ya kiyaye hanya, ya maimaita mana.